Na'urar Tace Iska Ba Ta Wanke Kanta: Martani Ga Mai Cewa A Saya A Manta

Wani marubuci da nake ganin girmansa ya yi rubutu kwanan baya yana kwaɗaita wa magidanta sayen na'urar tace iska mai aiki da cajin lantarki, irin wadda ba a sa mata filta, sai jerin farantan ƙarfe da ke kama ƙura. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, domin duk mai ɗa ko tsoho da ke fama da asma ya san abin da hunturu ke zuwa da shi. Sai dai shawarar tasa, in aka bi ta yadda ya rubuta, za ta sa magidanci asarar kuɗinsa, tana kuma iya cutar da wanda aka sayi na'urar dominsa. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na fahimce shi. Na'ura mai filtar HEPA tana da kyau, amma filtar na cika, kuma sabuwa tana da tsada, wani lokaci ma ba a samunta a kasuwanninmu. Ita kuwa mai farantan ƙarfe babu abin da ake canza mata, don haka da ka saya ka huta: ka jona ta, ka manta da ita. Ya ƙara da cewa ƙanshin nan da take fitarwa, mai kama da na bayan ruwan sama, shi ne shaidar cewa tana aiki kuma iskar ɗaki ta tsarkaka. Daga ƙarshe ya ce ranar da ta fara ƙara tana tartsatsi, ko fitilarta ta mutu, kada mutum ya wahalar da kansa da neman gyara, domin wutar da ke cikinta tana da haɗari, kayan gyaranta ba sa samuwa, kuma kuɗin gyara ya kusa sayen sabuwa.

A batun filta yana da gaskiya. Filtar HEPA ta ainihi tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, amma ba a wanke yawancinsu, sai dai a sauya, kuma wanda ya sayi na'ura ta gwanjo yakan zagaya kasuwa bai sami filtar da ta dace da ita ba. Haka nan ya yi gaskiya da ya ce wutar cikin na'urar ba abin wasa ba ce. Daga nan kuma muka rabu.

Malam, ƙurar da na'urar ke kamawa, ina take zuwa? Na'urar ba ta ƙona ta, ba ta narkar da ita, ba ta fitar da ita waje. Tana nan a jikin farantan. Wanda ya rayu da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ya san yadda gilashinta ke jan ƙura ko da an share ɗaki da safe. Cajin lantarki ne ke jawo ta. A kan wannan aka gina na'urar. Iska tana fara ratsa wata raga da ke tare gashi da zare da manyan tarkace. Sai ta bi ta tsakanin wasu sirara-siraran wayoyi, galibi na ƙarfen tongistin, masu ɗauke da dubban bolt, a wasu samfuran har kusan 8,000. Wayoyin suna ɗora wa ƙura caji. Gaba kaɗan akwai farantan alminiyum jere kusa da juna, ɗaya mai caji, na kusa da shi maras caji, kuma a nan ƙurar ke mannewa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Frederick Cottrell, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kalifoniya, shi ya nemi rajistar ƙirƙirarta a 1907 don kama hayaƙin masana'antu. A shekarun 1930 kuma Gaylord Penney na kamfanin Westinghouse ya fito da tsarin mataki biyu, wayoyi daban farantai daban, wanda ya sa aka iya amfani da ita cikin gine-ginen da mutane ke zaune. Tun daga wancan lokacin babu wanda ya ƙera wadda ba ta bukatar a raba ta da abin da ta tara. A masana'antu akwai wasu guduma da ke bubbuga farantan don tokar ta zube. A gida, hannun mai gida ne zai yi wannan aikin.

Idan ƙura ta lulluɓe faranti, ƙarfin jansa yana raguwa. Idan datti ya kama waya, cajin da take bayarwa yana raguwa. Matsalar ita ce babu abin da zai sanar da kai. Fanka tana juyawa, fitila tana haske, iska tana fitowa, kai kana ganin komai lafiya, alhali yawancin ƙurar wucewa take yi. Wadda ta ɗauki caji ba ta sami wurin mannewa ba kuma sai ta je ta manne a bango da labule, shi ya sa za ka ga baƙin tabo a bangon da ke kusa da na'urar da aka yi sakaci da ita. Filta in ta cika, aƙalla iska takan ragu ka lura. Wannan kuwa takan daina aiki ne shiru. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta faɗi haka a jagorar da ta fitar kan na'urorin tace iska na gida: ingancin wannan nau'i yana faɗuwa yayin da farantansa ke cika, sai an riƙa wanke su.

Kuma ka tuna irin gidajen da aka ƙera wasunsu dominsu. A Amurka, irin su Honeywell ana ɗaura su ne cikin bututun da ke rarraba iskar sanyi da ta ɗumi a gida rufaffe, mai tagogin da ba sa shigar da iska. Duk da haka takardun da ke zuwa da su suna cewa a riƙa wankewa lokaci-lokaci, daga wata guda zuwa 'yan watanni, gwargwadon ƙurar gidan. To mu fa? Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso mana ƙura daga Sahara, kuma kaso mai yawa daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Masana na lissafa wurin a matsayin mafi fitar da ƙura a duniya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5 kada matsakaicinsu na yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace kiyubik mita ta iska. Ranar da hazo ya hana jirgi sauka a Kano ko Maiduguri, ba sai an kawo ma'auni ba kafin a san an wuce nan nesa. A kan wannan ƙurar sai ka ɗora turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin suya da ke shigowa daga madafi. Waɗannan suna da maiƙo. Ka zaro akwatin farantan bayan 'yan makonni na hunturu ka duba: bakin da iska ke shigowa ya yi fari-fari da ƙura, can ciki kuma wani baƙin danƙo ne da hurawa ba ta cire shi, in ka shafa da yatsa sai ya bi ka. Yaya za a ce wa mai wannan ɗakin ya jona ya manta?

Wankin ba wuya gare shi ba, kuma da marubucin ya ba shi sakin layi ɗaya da ya yi wa masu karatunsa babban amfani. Ka kashe na'urar, ka zare fulogi daga soket, ka dakata kamar minti guda don sauran cajin ya sauka. Ka zaro ragar gaba ka wanke ta daban. Ka ɗauko akwatin farantan ta marikinsa, kada ka kama shi ta tsakiya, domin gefen farantan yana yanka hannu, wayoyin kuma suna tsinkewa cikin sauƙi. Ka nutsa shi cikin baho mai ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka, ka bar shi kamar minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ka mayar sau da yawa har ruwan ya yi duhu, sannan ka ɗauraye da ruwa mai tsabta har santsin sabulu ya fita. Wayoyin suna bukatar a bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗanyen tsumma a hankali, domin akwai wani farin ɓawo da ke taruwa a kansu, musamman a gidan da ake yawan fesa turare da man gashi masu silikon, kuma jiƙawa kaɗai ba ta cire shi. Daga nan sai ka jingine akwatin a inuwa mai iska ya bushe sarai. A hunturu 'yan sa'o'i sun isa, da damina sai an ƙara haƙuri. In ka mayar da shi da laima zai yi ta tartsatsi. Wajen mayarwa ka dubi kibiyar da ke jikinsa, ita ke nuna inda iska ke bi. A lokacin hazo ka riƙa dubawa duk mako biyu, ka wanke da zarar ka ga farantan sun rufe.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su da shi, kuma ina faɗarsu ne domin su ne hannunmu ya saba kaiwa gare su. Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana cin alminiyum. Ruwan bilic ma yana lalata shi. Soson ƙarfe yana barin kaushi a jikin faranti, kuma duk wani ɗan tsini wuri ne da wuta za ta yi tsalle. Fetur da kananzir kuwa, da ake wanke kayan inji da su a gareji, kada su taɓa abin da aikinsa ke haɗe da tartsatsi.

Batun ƙanshi shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin a nan maganar ta tashi daga asarar kuɗi ta koma ta lafiya. Wannan ƙanshi na bayan tsawa iskar ozon ce. Wutar da ke kewaye da wayoyin tana farfasa iskar oksijin, wani ɓangare ya sake haɗuwa ya zama ozon. Can sama ozon tana kare mu daga illar hasken rana, amma a cikin huhu tana ƙona hanyoyin numfashi, ta jawo tari da kaushin maƙogwaro da ƙuncin ƙirji, ta kuma tayar da asma. Iskar da ke sa roba ta tsattsage, me kake tsammani za ta yi wa ƙirjin yaro ɗan shekara huɗu da ke barci kusa da ita? Bayan haka tana haɗuwa da sinadaran ƙanshin lemo da ke cikin man goge daɓe da turaren fesa ɗaki, su haifar da fomaldihaid da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Hanci kuma yana sabawa da ita da wuri, don haka daina jin ƙanshin ba ya nufin ta tafi.

An riga an yi wannan rigimar a Amurka. Kamfanin Sharper Image ya sayar da wata na'ura maras fanka mai suna Ionic Breeze da yawan gaske, kuma babban abin tallarta shi ne babu filtar da za ka saya. Mujallar Consumer Reports ta gwada ta a 2002 da 2003, ta ce abin da take cirewa daga iska bai taka kara ya karya ba. Kamfanin ya kai ƙara a 2003, kotu ta kori ƙarar a 2004, ya kuma biya dala 525,000 na kuɗin shari'a. A 2005 mujallar ta sake fitar da rahoto kan ozon da irin waɗannan na'urori ke fitarwa. A Fabrairun 2008 kamfanin ya shigar da takardun karyewa. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2006, hukumar kula da iskarta ta tsara ƙa'ida a 2007, cewa duk na'urar tace iska da za a sayar a jihar kada ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Da ƙanshin alamar lafiya ne, me zai sa a kafa masa iyaka da doka?

Ba ina cewa kowace na'ura mai farantai guba ba ce. Wadda aka ƙera da kyau, aka gwada ta a kan ma'aunin UL 867, ozon ɗinta kaɗan ne. Amma dattin waya da yawan tartsatsi suna iya ƙara shi. Ke nan shawarar a manta da wanki da shawarar a ji daɗin ƙanshi sun haɗu sun zama matsala guda: na'urar tana rage kama ƙura a daidai lokacin da take iya ƙara fitar da abin da ke cutarwa. In ƙanshin ya yi ƙarfi, a kashe ta, a buɗe taga, a duba ta.

Saura batun zubarwa. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da marubucin ya ɗauka alamar mutuwa ce, yawanci ba ita ba ce. In tana zuwa jefi-jefi, wani babban tarkace ne ko ƙwaro ya shiga tsakanin farantai wuta ta yi tsalle, kuma wannan ba komai ba ne. In ta ƙi tsayawa, dalilan sanannu ne: laima, ko zare da ya maƙale, ko faranti da ya lanƙwashe ya kusanci ɗan'uwansa, ko waya da ta tsinke ta kwanta a kan ƙarfe, ko datti da ya rufe 'yan tangaran ɗin da ke raba sashe mai wuta da gangar jiki. Ka ɗaga akwatin ka saita shi da hasken ƙofa, ka leƙa ta tsakanin farantan. Ratar da ke tsakaninsu ya kamata ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya karkace nan take ido zai kama shi, a miƙe shi a hankali. Tsinkakkiyar waya ana cire ta gaba ɗaya, har guntayen da suka rage a maƙalinta, na'urar ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci kafin a sami madadinta. In fitila ce ta mutu, sau da yawa murfi ne bai rufu daidai ba, domin akwai makunnin tsaro da ke yanke wuta muddin yana buɗe, ko kuma 'yan ƙarafan da ke sada akwatin da wuta ne suka yi tsatsa, ko fiyus ya ƙone. Wanne ne daga cikin waɗannan ya kai a jefar da na'urar da aka saya da kuɗi masu yawa?

Inda nake tare da shi shi ne sashen da ke samar da babbar wutar. Wannan ba na mai gida ba ne, ba kuma na kowane mai sukundireba ba ne. Mitar gwaji da yawancin masu gyara ke riƙewa iyakarta bolt 600 ko 1,000, don haka sai da ma'auni na musamman ake taɓa wurin. Amma haɗari dalili ne na neman gwani, ba na zubarwa ba. Tsofaffin masu gyaran talabijin na garuruwanmu sun yi shekaru suna aiki da wutar da ta haura bolt 20,000 a bayan gilashi, sun san yadda ake sauke caji kafin a sa hannu. Irinsu za a nema. Abin da za ka riƙe a matsayinka na mai kaya shi ne kada ka yarda a haɗe makunnin tsaro don na'urar ta yi aiki a buɗe, kuma kada a maye wayar tongistin da silin jan ƙarfe da aka zaro daga kebur, domin kaurinsa da ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, zai saki ya taɓa faranti. Na yarda akwai ƙananan na'urori masu araha da aka zuba wa sashen wutarsu danƙo ya daskare, waɗanda in sun ƙone sun ƙone. Wannan hukuncin mai gyara ne zai yanke shi bayan ya duba, ba ƙarar farko ba.

Akwai ma abin da ke kashe su a wurinmu wanda rubutun bai ambata ba. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana cin bolt 120 ne, tamu wutar kuwa 230 ce. Duk wanda ya jona ta kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba ya ƙona ta a ranar farko. A karanta takardar da ke manne a bayanta kafin a kai ta soket. Yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da yadda janareta ke hawa da sauka, su ma suna gajiyar da sashen wutar, don haka sitabilaiza ba ƙawa ba ce a nan.

Kuma in an zubar, ina za ta? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A unguwanninmu mun san makomarta. Ɗan jari-bola zai ɗauka, a ɓalle alminiyum, a cinna wa roba da kebur wuta don a fitar da jan ƙarfe, hayaƙin ya shigo ta tagar da aka sayi na'urar don a kare. Ban ga hikimar gurɓata iskar unguwa da sunan tsabtace ta ɗaki ba.

Matsayina a fili yake. Na'urar nan tana raba ka da sayen filta ne ta ɗora maka wanki, kuma wanda ya san ba zai iya wankin ba, gara ya sayi mai filta ya tanadi kuɗin sauyawa. Gidan da ke da mai asma ko jariri, ni mai filtar HEPA zan ba su shawara, ko kuma in dole sai mai farantai, su nemi wadda ke ɗauke da shaidar gwajin ozon. Kowace iri aka saya, ƙura da hayaƙi take kamawa, ba ta cire iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Janareta wurinsa waje, nesa da taga. Ina roƙon ɗan'uwa marubuci, ko da bai yarda da ni a kan gyara ba, ya koma ga masu karatunsa ya janye maganar ƙanshin nan kafin hazo ya sauka, domin akwai iyayen da suka karanta shi suka matsar da na'urar kusa da gadon yaransu.